Mai Takaba A Littattafanmu: Ƙauna Ce Ko Ciwo?

Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda marubutanmu suke zana matar da mijinta ya rasu. Iri biyu ce kawai. Ko dai ta yanke jiki ta faɗi a yayyafa mata ruwa, shafi uku a gaba wani Alhaji ya fito, ko kuwa ta rame ta ƙanjame ta daina magana, a ce mana wai wannan ita ce ƙauna ta gaskiya. To wallahi ta biyun nan mara lafiya ce, aka yi wa ciwonta ado da sunan soyayya. Yarinya kuma ta karanta, gobe ta ga yayarta a haka ta ce ai son miji ne.

Baƙin ciki dai ba ciwo ba ne. Shekarar da Nana Khadija ta rasu ma Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta a tarihin Manzon Allah (SAW). Shi baƙin cikin rashi kamar hadari yake, ya taso ya zubar ya lafa. Ta ga hularsa a rataye ta yi kuka, an jima autanta ya yi shirme ta yi dariya. Tana taɓa abinci, 'yan gaisuwa suna ɗebe mata kewa, kuma ba ta raina kanta ba.

Shi kuwa ciwon damuwa ba ya ɗagawa. Safe da dare zuciya a cunkushe, barci ya lalace, ba wanka ba kitso, ko kukan jaririnta ba ya motsa ta. Tana ganin ita ba ta da amfani, ita ce sanadin komai. Likitoci sun ce in haka ta ɗore kusan kullum har mako 2, a nemi asibiti. In kuwa ta fara zancen kashe kanta, ranar za a kai ta, ba a jira gobe.

Amma a littafi me ake yi? Sai a ce aljanu ne, ko kishiya ce ta yi mata asiri, ko gwaggo ta ce, "Ke dai ba ki da tawakkali!" Haba! Wa ya taɓa ce wa mai hawan jini ba ta da tawakkali? A yi addu'a, a kuma sha magani. Ga asibitin Dawanau a Kano, ga na Barnawa a Kaduna, ga na Kware a Sakkwato. Kuma ba sai an jira wata 4 da kwana 10 sun cika ba, domin malamai sun halatta wa mai takaba fita saboda lalura.

Don Allah marubuta, ku ba mu labarin matar da aka kai asibiti ta warke ta riƙe marayunta. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.