Jinjina ga Masu Haɗa Sola a Disina

Duk wadda ta taɓa zubar da kunun aya saboda an ɗauke wuta ta san darajar matasan nan masu haɗa sola a Disina, cikin ƙaramar hukumar Shira. A Oktoban 2024, da Arewa ta yi kwanaki cikin duhu, mai sola ne kawai ke shan ruwan sanyi hankali kwance.

Sannunku da aiki, samari. Firji idan zai tashi yakan ja wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ci, shi ya sa gwaninku sai ya auna inbata da batir tukuna, sannan ya hau rufin kwano da tsakar rana ya fuskantar da faifan sola kudu. Kafin ya karɓi kuɗinsa kuma sai ya ja kunnen maigida: ƙurar hunturu tana rage caji, a riƙa gogewa.