Sharhi a Kan Gwajin Basira da Ake Nufin Ya Gagari Na'ura

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce nazarin wani ra'ayi da ya fara samun karɓuwa, wato cewa hanyar auna fasihan mutane a yau ita ce a tsara tambayoyin da za su gagari ƙirƙirarriyar basira. A ganinmu, an gwama abubuwa biyu ne waɗanda hanyarsu ba ɗaya ba ce.

2.0 Tushen Matsalar

Tun daga 1905, lokacin da Binet da Simon suka fito da gwajinsu a Faransa, ana auna mutum ne ta hanyar kwatanta shi da tsaransa. Matsakaicin maki a yau 100 ne, gwajin Wechsler na manya kuwa yakan tsaya a 160, matsayin da kimanin mutum ɗaya cikin 30,000 ke kaiwa. Daga nan mudun ya cika. Don cike wannan giɓi ne Ronald Hoeflin ya buga Mega Test a mujallar Omni ta Amurka a 1985: tambayoyi 48, ba mai sa ido, ba ƙayyadadden lokaci, kowa ya amsa a gidansa. Daga baya amsoshin suka bazu a intanet. Da na'urori masu amsa tambaya suka zo kuwa, sai duk gwajin gida ya zama abin zargi.

3.0 Sharhi

Masu wancan ra'ayi sukan kafa hujja da gwajin ARC, wanda François Chollet ya fitar a 2019. Akan nuna wa mai amsawa 'yan misalai na zanen gidaje masu launi, ya gano ƙa'idarsu, sannan ya yi aiki da ita a kan sabon zane. To, amma Chollet na'ura ya nufa da awo, kuma da gangan ya tsara tambayoyin yadda matsakaicin mutum zai iya amsa yawancinsu. Tun a 1988 Hans Moravec ya lura cewa abin da ke ba na'ura wuya sau da yawa shi ne abin da yaro ke yi ba da wahala ba, alhali kuwa Deep Blue ta ci gwanin darar Turawa, Kasparov, a 1997. Ke nan irin wannan gwaji yana bambance mutum da na'ura ne, ba ya bambance fasihi da matsakaici.

Bugu da ƙari, gagarar ba ta daɗewa. A Disamba 2024 na'urar o3 ta kamfanin OpenAI ta sami kashi 87.5 cikin ɗari a gwajin ARC, aka fito da sabon tsari a 2025. Mudun da ake sauya girmansa kowace shekara ba a kwatanta awon bana da na bara da shi. An gudu ba a tsira ba.

4.0 Kammalawa

Shawararmu ita ce a magance maguɗi ta hanyar zaunar da masu amsawa a gaban mai sa ido, a kuma daidaita maki a kan jama'a mai yawa. Inda mudun ya cika, a duba ayyukan da mutum ya fitar. In ba haka ba, za a riƙa ba da gurbin karatu da tallafi bisa makin da ke nuna raunin na'ura kawai.