Burujin Gagarin da Matsalar Haruffa

Masu duba halin mutum ta hanyar taurari sukan kawo Yuri Gagarin, mutumin Rasha da ya fara kewaya duniya cikin kumbo ran 12 ga Afrilu 1961, su ce burujinsa ya bayyana rayuwarsa. An haife shi ran 9 ga Maris 1934, watau a burujin Hutu mai ɗabi'ar ruwa, don haka wai ya zama mai sanyin hali da fara'a.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne gare mu. Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira cikin 1741, ya yi rubutu a kansa. Amma malamin hisabi na ƙasar Hausa, ko a Wurno ta Birnin Kudu ko a Kano, ba ranar haihuwa yake nema ba. Haruffan sunan mutum da na mahaifiyarsa yake tarawa, ya raba da 12.

To, a nan mai nazarin harshe zai tsaya. In aka ɗauki sunan Gagarin, Bamisire da jimun zai rubuta kowane "g", lissafinsa 3. Mai ajami kuwa da angai zai rubuta, wanda yake 900 a ƙidayar Magariba, 1000 a ta Gabas. Tun da "g" biyu ne, ragowarsu bayan rabawa 6 ce, ko sifiri, ko 8. Mutum ɗaya ya tashi da buruji uku ke nan, alƙalamin marubuci ne ya zaɓa masa.

Lissafin ranar haihuwa ma bai tsira ba. Gherman Titov, wanda aka tanada ya maye gurbinsa, ɗan Sumbula ne, Neil Armstrong kuwa ɗan Asad, amma duka sun iya aikin. Abin da tarihi ya nuna shi ne yaron ƙauyen Klushino da ya sha wuyar mamayar Jamus, ya koyi zubin ƙarfe, ya fara tuƙin jirgi a Saratov, aka zaɓe shi cikin mutum 20. Gajartarsa, santimita 157, ta dace da ƙuncin kumbon.

Malaman kwalejin horon malamai su lura: ɗalibin da aka gaya wa tauraronsa ya riga ya yanke masa hali, da wuya ya yi ƙoƙarin gyara shi.