Sa Hannu a Gefen Fosta: Yadda Matasan Gombe Ke Zana Labarin Gari

A unguwar Federal Low-Cost da ke Gombe, da wuya yanzu a ɗaura aure, a raɗa suna ko a yi walimar saukar Alƙur'ani ba a nemi wani matashi ya haɗa fosta ba. Kafin goro da alawa su kai gida-gida, hoton ya riga ya zaga wayoyin dangi daga Bolari har Pantami. Mai lura zai ga wani ɗan rubutu a can ƙasa, a kusurwa: laƙabin wanda ya yi zanen da lambar wayarsa. Wannan ɗan rubutu shi ne allon shagonsa, domin da yawansu ba su da shago sai wayar da ke aljihunsu.

Abin ya wuce wasan yara. Ya zama fanni mai ƙa'idojinsa, waɗanda babu wanda ya rubuta amma kowa ya san su. Katin ɗaurin aure yana buɗewa da basmala, sai sunayen iyalai biyu, na ango a gaba, da “marigayi” a inda ya dace, sannan rana da lokaci da masallaci, a rufe da roƙon wanda bai samu zuwa ba ya sa ma'aurata a addu'a. Launinsa ruwan zinare ne a kan fari ko shuɗi mai duhu. Fostar ta'aziyya baƙi da fari take so, da kalmar istirja'i a sama. Ta taya murna kuwa, ko naɗin sarauta ce ko kammala hidimar ƙasa, ita ke da 'yancin yin ado son ranta: haske a bayan kai, suna da manyan haruffa masu ƙyalli, a ƙasa kuma hoton mai taya murnar, wanda shi ne ya biya kuɗin aikin. A fostar siyasa girman hoto shi ke nuna girman muƙami, kuma mai zanen da ya sa ɗan takarar kansila ya fi gwamna faɗi zai sake aikin a daren.

Kafin kwamfuta, wannan aiki na masu fenti da buroshi ne, masu rubuta allunan shaguna da ƙawata bayan manyan motoci. CorelDRAW ta fito a Kanada a 1989, Photoshop ta biyo baya a Amurka a 1990, amma sai da suka ɗauki shekaru kafin su zauna a shagunan buga takardu na Arewa. A Gombe abubuwa biyu suka buɗe kasuwar: ƙirƙiro jihar a ranar 1 ga Oktoba, 1996, wanda ya kawo ma'aikatu da taruka, da dawowar mulkin farar hula a 1999, wanda ya kawo 'yan takara. Jami'ar Jihar Gombe, da aka kafa a 2004, ta ƙara da nata ɗalibai masu zaɓen ƙungiya da bikin yaye. Har gobe CorelDRAW ce sarauniyar madaba'a a Najeriya. Wanda ya kai aiki wurin masu buga bana, tambayar farko da za a yi masa ita ce wane samfurinta ya yi amfani da shi, don tsohuwa ba ta buɗe fayil ɗin sabuwa.

Wayar hannu ce ta fitar da sana'ar daga shago. Manhajoji irin su PixelLab da PicsArt da Canva, wadda aka ƙaddamar a Ostareliya a 2013, sun sa wanda bai taɓa mallakar kwamfuta ba ya iya aikin da a da sai an yi wata da watanni ana koyo. Da WhatsApp ta kawo sitatus a 2017, mai ɓacewa bayan awa 24, sai buƙata ta zama ta kullum: Juma'a na son nata hoton, azumi na son nasa, Sallah ma haka.

Yana da kyau a tsaya a ga yadda hannun ke aiki. An turo hoton ango da aka ɗauka a zaure, bayansa buhunan masara da babur. Mai zane zai fara da yanke bayan, yana zuƙo hoton yana bin gefen hula da yatsa, domin a nan ake gane gwani: idan aka yi garaje, hular zanna bukar sai ta fito kamar ɓera ya ci bakinta. Sai ya ɗora mutumin a kan sabon bango, ya sa masa inuwa kaɗan don kada ya yi kamar yana shawagi, ya jera rubutu hawa-hawa, kowane a shimfiɗarsa, yadda idan uwar amarya ta ce a ƙara “Hajiya” ba sai an rushe komai ba. In ya gama ba zai tura shi a matsayin hoto ba, sai a matsayin fayil, saboda WhatsApp na matse hoto ya dusashe. Idan kuma bugawa za a yi, akwai wata matsalar: fuskar waya da haske take haɗa launi, injin bugu da tawada huɗu, shi ya sa shuɗin da ya burge mai aiki a waya yakan fito a dushe a kan bana.

Sa suna a ƙarshen aiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malaman da suka kwafi littattafai da hannu sukan rubuta sunansu a shafin ƙarshe tare da neman addu'ar mai karatu, kuma ana ganin irin wannan a rubuce-rubucen da ke ajiye a Arewa House ta Kaduna. Mai zanen yau neman ciniki yake yi, kuma babu laifi a haka. Wanda ya yanke gefen hoton don ya ɓoye sunan, ko ya goge ya sa nasa, ya ci haƙƙin mai gumi, musamman da yake yawancin irin wannan aiki kyauta ake yi wa dangi da abokai, da fatan lambar za ta jawo mai biya. Sai dai akwai wurin da ya kamata sa hannun ya ƙanƙance ko ya fita gaba ɗaya. Sanarwar rasuwa ba wurin talla ba ce.

Babban rauni na wannan fanni yana wajen harshe. Tun shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa a rubutun boko, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa su daga 1939, amma a fostocin yau sun kusa ɓacewa. “Daurin aure” ake gani a maimakon “ɗaurin aure”, sunan Ɗanladi da na Ɗahiru duk sun rasa ƙugiyarsu. Dalilin a fili yake: yawancin salon haruffan ado da ake saukewa daga intanet don Turanci aka ƙera su, idan aka buga ƙ ko ɗ sai ɗan akwati ya fito. Mai zane, da ke son ƙyalli, sai ya sadaukar da harafin. Alhali mafita na nan kyauta: Noto na kamfanin Google, da Andika da Charis na cibiyar SIL, duk suna ɗauke da haruffan Hausa, allon rubutu na Gboard ma yana da su. Larabci ya fi shan wahala. A manhajar da ba a saita ta don rubutun dama zuwa hagu ba, haruffa kan rarrabu ko su juya, kuma wanda bai iya karantawa ba zai buga aya a haka ya rataye a ƙofar masallaci.

Akwai kuma maganar fata. Ana goge fuskar amarya har sai kakarta ta kasa gane ta, a haskaka baƙar fata kamar wani aibi ne da ake rufewa. Masu zane kan ce abin da masu ba da aiki ke nema ke nan, kuma da gaskiyarsu, amma hannun da ke maimaita abu kullum shi ke koya wa ido abin da zai ɗauka a matsayin kyau.

Abin da ya fi ciwo shi ne arzikin da aka bari a gida. Furannin da ke kewaye katunan nan na bikin Turawa ne, an ɗauko su a shirye. Ga zayyanar allon sauka da jan tawada da rawaya da kore, ga aska takwas ta babbar riga, ga dagi, ga zanen bangon gidajen Zariya da Kano, ga adon ƙwaryar Fulani da ke shigowa kasuwar Gombe kowace safiya. Dagi kaɗai ke samun shiga, shi ma sai in taron na Arewa ne. Matashin Federal Low-Cost da zai zauna ya zana waɗannan a kwamfuta, ya mai da su kayan aikin da 'yan uwansa za su riƙa ɗauka, zai yi abin da Canva ba za ta yi musu daga Sidni ba.

Kafin a kai can, akwai abin da ke hannun masu ba da aiki. Duk wanda zai karɓi katin aurensa ko na sunan ɗansa, ya karanta shi harafi-harafi, ya nuna wa malami Larabcin da ke ciki, ya ce a mayar da ƙugiyar da ta faɗi, sannan ya biya yaron kuɗin aikinsa ya bar masa sunansa a gefe.