Rigar Andalus a Titin Taba

Bahaushen da ya tsinci kansa a Budapest, babban birnin Hangare, ya hango dogayen hasumiyoyin nan biyu masu kai kamar albasa, ba mamaki ya fara neman inda ake alwala. Jan tubali da rawaya an jera su layi-layi, ƙofofi da tagogi duk masu baka, ga zayyana mai sarƙaƙiya irin ta masallatai. Ginin kuwa majami'ar Yahudawa ce, wadda duk Turai babu mai girmanta. Tana kan titin Dohány, kalmar da ke nufin taba a harshen ƙasar.

An fara ginin a 1854, aka buɗe shi a 1859. Tsawonsa mita 75, faɗinsa 27, hasumiyoyin sun kai mita 43, yana ɗaukar mutum kusan 3,000. Wanda ya zana shi, Ludwig Förster, daga Biyana ya zo, kuma ba Bayahude ba ne. Hujjarsa ita ce Yahudawa ba su gaji wani salon gini nasu na kansu ba, saboda haka gara a aro na danginsu na Gabas, musamman Larabawa. Salon ya zama yayi a ƙarni na 19: Balin ta yi tata a 1866, Firag a 1868, har Niyok a 1872.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, masu ginin ba zuriyar Yahudawan Andalus ba ne da aka kora daga Sifen a 1492. Ashkenazawa ne, 'yan tsakiyar Turai, kakanninsu ba su taɓa shan ruwan Ƙurɗuba ba. Sun ɗauki Andalus ne a matsayin shaida. A can, ƙarƙashin mulkin Musulmi, Bayahude ya yi likitanci, ya yi waziranci, a can aka haifi babban malaminsu Musa bn Maimun. Suna nuna wa maƙwabtansu Kiristoci cewa an taɓa yi, ana iya sakewa. A lokacin kuwa ba su da cikakken 'yancin ɗan ƙasa, sai a 1867 doka ta ba su. Sai dai rigar aro ba ta rufe katara. A ganina salon ya ba su alfahari, ya kuma tabbatar wa mai ƙinsu abin da dama yake faɗa, cewa baƙi ne daga Gabas.

Da ka shiga ciki labari ya canza, tsarin coci ne sak. Dogon zaure mai sahu uku, siraran ginshiƙan ƙarfe na riƙe da benayen mata. A tsohuwar al'ada, dandamalin karatun Attaura a tsakiyar jama'a yake. A nan an matsar da shi gaba, dab da ma'ajiyar littattafan, kowa na fuskantar wuri ɗaya. Sannan ga ogan, abin kiɗan nan na coci; na asalin, mai bututu kusan 5,000, shahararren makaɗi Franz Liszt ma ya taɓa kaɗa shi. Dokar addinin Yahudawa ta hana kiɗa ranar Asabar, sai aka riƙa ɗauko wanda ba Bayahude ba ya kaɗa. Masu riƙon gargajiya ba su lamunci wannan dabara ba. Bayan babban taron Yahudawan ƙasar na 1868 zuwa 1869 al'ummar ta dare, 'yan zamani da ake kira Neolog suka riƙe Dohány, sauran suka kama gabansu.

A gidan da ke maƙwabtaka da majami'ar aka haifi Theodor Herzl a 1860, mutumin da daga baya ya yanke cewa zaman Turai ba zai yi wa Yahudawa ba. Gidan tarihi ne yanzu a filin.

A ƙarshen 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka killace dubban Yahudawan birnin a unguwa guda, majami'ar na bakin iyakarta. Yunwa da sanyi suka yi ta ɗauke mutane, babu hanyar kai gawa maƙabarta. Al'adar Yahudawa ba ta yarda a yi kabari a jikin wurin ibada ba, amma dole ta sa aka binne sama da mutum 2,000 a farfajiyar. An gyara ginin tsakanin 1991 da 1998, kaburburan kuma aka bar su inda suke. A bayan ginin akwai bishiyar ƙarfe mai rassa a sunkuye, aikin Imre Varga, an rubuta sunayen mamata a jikin ganyayenta, waɗansu ganyen kuma har yau babu rubutu.