Daga Allo Zuwa Kwalin Magani: Yadda Ƙaramar Takarda Ta Raini Masu Zanen Sudan

A unguwar Sahafa da ke kudancin Khartum, idan ka tare dattijon da ya yi firamare a shekarun 1960 ko 1970 ka tambaye shi zanen da ya fara sani a duniya, da wuya ya ambaci aikin Ibrahim El-Salahi, duk da cewa shi ne ɗan Sudan da manyan gidajen zane na Turai suka fi ji da shi. Ammak Tango zai ce maka, wani baba ne mai yawan jawo wa kansa rigima a shafin barkwanci na mujallar yara ta Al-Sibyan. Shi kuwa wanda ya shafe shekaru yana zana Tango, Sharhabil Ahmed, da jita aka fi saninsa, har ake kiransa sarkin jaz na Sudan. Akwai waɗanda suka yi rawa da kiɗansa a gidan biki ba su taɓa sanin cewa hannun da ke kaɗa jitar shi ne ya ba su dariya suna 'yan aji uku ba.

Ra'ayina shi ne, in ana son fahimtar zanen Sudan na zamani, kada a fara da manyan hotunan da ke rataye a Landan. A fara da ƙananan abubuwan da aka yi zane a kansu don biyan wata buƙata ta yau da gobe: allon makaranta, gefen littafin karatu, shafin mujalla, yagaggen buhun siminti. A kan waɗannan aka horar da hannun masu zanen, a kansu kuma jama'a suka koyi kallo.

Mu fara da allo, tunda Bahaushe ba baƙonsa ba ne. A halwa, wato makarantar allo ta Sudan, almajiri kan haɗa tawadarsa da baƙin tukunya da ƙaro, ya feƙe alƙalamin kara, ya rubuta, ya biya, ya wanke. Idan ya kai wani mataki a karatu sai a ƙawata masa allon da sharafa, irin abin da muke kira zayyana ranar sauka. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai zayyana yana aiki ya san ba wasa ba ne. Sai ya fara ja wa allon iyaka, ya raba fili gida-gida, ya bar wa rubutu gurbinsa a tsakiya, sannan ya shiga cike gidajen da ja da rawaya da kore, yana kiyaye kada launi biyu masu kama su yi maƙwabtaka. Babu gogewa a nan. Layin da ya karkace ya karkace ke nan, sai dai a san dabarar da za a mayar da shi ado. Wannan ilmi ba sabo ba ne ga Hausawan Sudan, jikokin alhazan da suka yada zango a hanyar Makka da na mutanen da suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno gabas bayan yaƙin Burmi na 1903.

El-Salahi, wanda aka haifa a Umdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne. Ya yi karatun zane a Kwalejin Gordon ta Khartum, sannan ya tafi makarantar Slade a Landan daga 1954 zuwa 1957. Ya dawo da ƙwarewa irin ta Turawa, ya baje kolin hotunansa a Khartum, sai ya ga mutanen gari ba su damu ba. Ya sha ba da wannan labari da bakinsa. Maimakon ya ce jama'a ba su waye ba, kamar yadda 'yan boko da yawa kan ce, sai ya tambayi kansa me mutanen nan suke ratayewa a ɗakunansu. Amsar ita ce rubutun Larabci, da adon tabarma da faifai da ƙwarya. Sai ya koma wa harafi. Ya fara sa rubutu a gefen hoto, daga baya ya shiga farfasa haruffan, yana buɗe cikinsu, har fuskoki da tsuntsaye da jinjirin wata suka riƙa fitowa daga lanƙwasar alƙalami. Launukansa ma suka koma na ƙasar: ja-ja irin na jan ƙasa, baƙi, ruwan toka. Shi da Ahmed Shibrain da Kamala Ibrahim Ishag ne aka fi dangantawa da abin da aka sa wa suna Makarantar Khartum, kuma kafin su Osman Waqialla ya riga ya nuna cewa harafi na iya tsayuwa da kansa a matsayin hoto.

A daidai wannan lokaci, a Zariya, ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo sun kafa ƙungiyarsu a 1958 da irin wannan tambaya a bakinsu. Hanyoyin biyu sun haɗu a Ibadan, inda kulob ɗin Mbari ya nuna zanen El-Salahi a farkon shekarun 1960. Abin lura shi ne ɓangarorin biyu sun yi wa littattafai zane: Okeke da Onobrakpeya ga littattafan Chinua Achebe, El-Salahi ga fassarar Turanci ta labarin auren Zain na Tayeb Salih. Ba su ɗauki wannan aiki a matsayin ƙasƙanci ba.

Amma a nan ne ya kamata a daɗe a kan Al-Sibyan, don ita ce makarantar da ba a cika ba ta haƙƙinta ba. An fara buga ta a 1946, daga cikin yunƙurin gyaran ilmi da ya taso daga cibiyar horar da malamai ta Bakht al-Ruda, wadda aka kafa a 1934 kusa da garin Duwem a bakin Farin Nilu. Ana lissafa ta cikin mujallun yara na farko-farko a ƙasashen Larabawa. Hukumar ilmi ce ta riƙa buga ta, ta bi makarantu har ƙauyuka. Sharhabil, haifaffen Umdurman a 1935, ya fito daga kwalejin zane ta Khartum ya kama aiki a sashen wallafa na ma'aikatar ilmi, ya yi shekaru fiye da talatin yana zana littattafan karatu da shafukan mujalla da rana, da dare kuma yana kan dandamali tare da matarsa Zakiya Abul Gasim, wadda ake cewa ita ce mace ta farko da ta kaɗa jita a bainar jama'a a Sudan.

A duba abin da shafi guda na barkwanci yake nema a wurin mai zane. Yana da 'yan akwatuna kaɗan, ana bin su daga dama zuwa hagu. A na farko dole yaro ya gane wane ne, ina yake, me yake nufin yi. A na ƙarshe dole dariya ta fashe. Takardar mai araha ce, tana shan tawada, don haka siririn layi zai ɓace, inuwa mai yawa za ta zama dabbare. Sai ya koyi faɗin abu da layi uku: karkatar rawani ta nuna mutum ya sha gudu, buɗewar yatsu ta nuna ya firgita. Kuma mai karatunsa ɗan shekara takwas ne, wanda ba ya kara. In shafi bai yi ba, zai juya shi. Ban san wani malamin Slade da ya kai wannan alƙali tsanani ba. Sannan ga wani abu da ya fi dabara muhimmanci: a shafukan nan yaron Sahafa ya ga jallabiyar babansa, da mayafin tob na uwarsa, da gadon angareb da ake fitarwa tsakar gida da dare, duk a buge cikin littafi. Mujallun Masar da na Labanan da ke shigowa kasuwa sun fi kyan takarda da launi, amma yaran cikinsu ba su yi kama da shi ba.

Makarantar Khartum ba ta tsira daga suka ba, kuma sukar tana da ƙarfi. A shekarun 1970 matasa irin su Hassan Musa da Abdallah Bola sun ce wannan haɗa harafi da adon gargajiya ya zama tambarin da ake buga wa hoto don ya yi kama da na Sudan, musamman a idon baƙi masu saye. Kamala Ishag da kanta ta kauce, ita da wasu ɗalibanta suka fitar da sanarwar wata sabuwar tafiya a 1976, ta kuma karkata ga zana mata a zaman bori irin na zar. Ina ganin masu sukar sun yi gaskiya a kan mabiya, waɗanda suka ɗauki harafi kamar kayan shafa, amma ba su yi wa El-Salahi adalci ba. Abin dariyar shi ne Hassan Musa da ya koma Faransa, littattafan yara masu tatsuniyoyin Sudan na cikin abin da ya fi yi, da alƙalamin rubutun Larabci kuwa. Salah Elmur ma, wanda hotunansa ke tsada a yau, ya zana littattafan yara masu yawa kafin kasuwa ta san da shi.

A watan Satumba na 1975 aka kama El-Salahi, yana babban jami'i a ma'aikatar al'adu, bisa zargin hannu a yunƙurin kifar da gwamnatin Numeiri. Ya yi wata shida da 'yan kwanaki a kurkukun Kobar ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. An hana takarda da fensir. Sai ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana, ya yi zane da guntun fensirin da ya ɓoye, in ya ji motsin gandiroba ya binne a cikin yashi. Tunda babu babban fili, sai ya zana ƙwaya ɗaya a tsakiya, ya ɗauko wata 'yar takarda ya jona, zanen ya ci gaba da tsiro ta gefe. Wannan dabara ta tilas ita ce ta zama hanyar aikinsa har tsufa. Babban zanensa na 1984 zuwa 1985, mai fale-fale tara baƙi da fari, haka aka gina shi. Littafin zanen da ya cika a 1976 bayan an sake shi yana gidan zane na MoMA a New York yanzu. Ya zauna a Katar, ya koma Oxford, a 2013 kuma Tate Modern ta Landan ta yi masa baje kolin aikin rayuwa, irinsa na farko da ta yi wa ɗan Afirka. Da ciwon baya ya hana shi tsayuwa gaban babban allo, sai ya koma zane a bayan kwalayen magungunan da yake sha da ambulan ɗin wasiƙa.

Matasan yau ta wata ƙofa suke shigowa. Da yawa a waya suka fara: kwaikwayon 'yan katun ɗin Japan, zana mutum-mutumin wani ƙaramin wasan kwamfuta da suke haɗawa da abokai wanda galibi ba a gama shi, sannan a hankali su gano cewa akwai masu wannan sana'a da suna da tarihi. Sau da yawa sukan san na Tokyo da Paris kafin su ji labarin Sharhabil. Duk da haka ƙa'idar ba ta sauya ba, fuskar waya ma ƙaramar takarda ce. Khalid Albaih ya yi suna da zanen siyasa mai layi kaɗan wanda ake ganewa kafin yatsa ya wuce. A zaman dirshan da aka yi gaban hedikwatar soja a Khartum daga 6 ga Afrilu zuwa 3 ga Yuni 2019, Alaa Satir da Assil Diab da ɗimbin waɗanda ba a san sunansu ba sun fitar da wannan hannu zuwa bango. An shafe da yawa daga cikin zanen da fenti bayan an tarwatsa zaman. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 kuwa ya watsa masu zanen zuwa Alƙahira da Nairobi da Kampala, aka bar ɗakunan aiki da tarin takardu a unguwannin da aka yi ta musayar wuta a cikinsu. Hoton da ke Landan yana da inshora da lambar rajista. Tsohuwar mujallar da ke cikin akwatin wani malami mai ritaya ba ta da ko ɗaya.

Mu ma a nan gida muna da namu Sharhabil ɗin, sai dai ba mu riƙe sunayensu ba. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce yana iya tuna hoton aku da na Waziri, amma mutum nawa ne za su iya faɗin wanda ya zana su? Haka littattafan firamare da aka buga a Zariya, haka bangon littattafan soyayya na Kano a shekarun 1980 da 1990, lokacin da ake zana budurwa da saurayi da mota da hannu, a wasu lokuta da 'yar sa-hannu a ƙasan kusurwa. Da kwamfuta ta shigo, masu bugawa suka koma ɗauko hotunan 'yan fim da na intanet, saboda sun fi sauƙi da araha. An yi digiri da yawa a jami'o'inmu a kan marubutan waɗannan littattafai da jigoginsu. Waɗanda suka yi musu bango, wasunsu na nan da rai a Kano, sun koma rubuta allon shago da zanen jikin manyan motoci.