Dutsen Ƙarya a Garin Dutse: Sharhi a kan Adon Siminti a Ƙasar Kazaure

Manufar wannan maƙala ita ce a dubi irin adon da magina ke yi wa fuskar gida da daɓen tsakar gida a Kazaure da Roni da Gwiwa da maƙwabciyarsu Babura, a auna shi da ma'aunin da Bahaushe ya saba auna gini da shi, wato kyau da ƙarko da dacewa da wuri. Dalilin zaɓen wannan yanki shi ne ƙasarsa iri biyu ce. Kazaure da Roni da Gwiwa suna zaune a kan tsohon dutse, akwai mai tauri wanda asalinsa yashi ne da zafi da nauyin ƙasa suka dunƙule, akwai kuma mai ɓarewa falle-falle. Babura kuwa, can wajen iyakar Nijar, rairayi ya fi yawa. Da a ce gini yana bin ƙasarsa, da an ga bambanci a fuskokin gidajen. Sai ga shi sababbin gidaje a garuruwan nan kusan duk ado ɗaya suke sawa.

Kafin siminti, magini yana da abubuwan shafe da dama, kowanne da aikinsa. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samun ta, a gauraya da ƙasa a shafe bango don ruwa ya riƙa zamewa. Laso kuwa, katsin da aka kwaso daga karofi ne ake ƙonawa a haɗa da gashin akuya na majema da ruwan dafara, a shafe rufin soro da shi. Daɓe aikin mata ne, da madaɓi da waƙa. Zane kuma da hannu ake fitar da shi tun ƙasa tana ɗanya, shi ya sa ba a samun bango biyu masu kama ɗaya sak. Wanda ya shiga Gidan Makama a Kano, ko ya dubi ragowar aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a Masallacin Juma'a na Zariya, ya san iyakar abin da ƙasa za ta iya a hannun gwani.

Ba na cikin masu cewa shigowar siminti ita ce ta kashe wannan fasaha. Mai gidan da ke yaɓe duk shekara bayan damina yana da hujjarsa idan ya nemi abin da zai hutar da shi. Kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato ya fara aiki a 1967, na Ashaka a 1979, amma tun kafin su magina sun riga sun koyi sarrafa simintin da ake shigowa da shi. Littafin Kirk-Greene na 1963 a kan gidajen Zariya masu zane ya adana hotunan wannan zamani. Magini yakan shafe fuskar zaure da siminti, ya tsaga dagi da sauran zane da bakin ƙarfe kafin ya bushe, sannan ya bi da fenti kala-kala, wani lokaci har da hoton keke ko agogo. Wannan aiki na Hausa ne, domin kayan ne kawai baƙi, ido da hannu na gida ne. Aibinsa ɗaya, kuma babba ne: siminti ba ya zama lafiya a kan bangon ƙasa. Ƙasa tana shan danshi ta kumbura ta kuma motse, siminti ba ya bin ta. Da zarar ya tsage, ruwa ya shiga ta baya ya rasa mafita, sai tubali ya jiƙe a ɓoye, wata rana shafen ya ɓaro gaba ɗaya da zanensa.

Abin da ake yayi yanzu wani abu ne daban. Ana zuba kankare a tsakar gida ko a yaɓa siminti mai kauri a bangon bulo, a barbaɗa garin launi, a danna wata tabarmar roba mai siffar duwatsu, a ɗaga, sai ga shi kamar an jera dutse. Daga nan a shafa mai mai sheƙi. Wanda ba shi da tabarmar yakan kwaikwaya da cokalin gini. A Babura, inda dutse sai an yi masa kuɗin mota, ana iya yi wa wannan uzuri. A Kazaure fa? Mutum ya tsaya a ƙofar gida yana kallon dutsen siminti, ya ɗaga kai ya ga na Allah a bayan gari. An ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma a nan karin maganar ta yi daidai ko da wane zane aka nufa. Tabarmar nan siffa ƙalilan gare ta, saboda haka ido mai lura zai ga dutse ɗaya ya maimaitu sau goma a bango guda, abin da ba ya faruwa a kan tsauni. Tun da roba ce ke yin zanen, gwani da ɗan koyo aikinsu ɗaya, kuma babu abin da mai sharhi zai yaba wa magini a kai sai tsabtar aiki.

Ta fuskar ƙarko ma akwai magana. Siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, shi ya sa ake son a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma ba a auna cikar ƙarfinsa sai bayan kwana 28. Adon da aka yi da hunturu, iska na busawa, aka shafe shi da mai tun bai gama sha ba don mai gida yana gaggawar tarewa, zai yi tsage-tsage kamar ƙasan tafki da rani. Launin kuma a sama kawai yake. Inda ake yawan takawa, bakin zaure da wajen ajiye babur, nan zai fara koɗewa, tokar siminti ta leƙo.

To, waɗanda suka yi amfani da dutsen gaske fa? Su ma da yawa sun ɓata rawarsu da tsalle. Akan jera dutse mai kyau a gindin katanga, sannan a bi layin da ke tsakani da baƙin fenti ko fari, a lulluɓe dutsen da man sheƙi har ya zama kamar an tsamo shi daga miya. Wato an mai da dutsen gaske ya yi kama da na ƙarya. Rana takan ƙona man ya yi rawaya ya riƙa saɓulewa, danshin da ke tasowa daga ƙasa kuma ya tare a ƙarƙashinsa, gishirin da ya ɗauko ya fito fari-fari kamar kanwa. Dutse irin na Kazaure ba ya bukatar komai sai ruwa da ɗan sabulu da buroshi, da kuma a gyara simintin tsakani in ya zube, a karkatar da indararo kada ya riƙa zuba a gindin bango. Wanda ke bukatar hattara shi ne mabul da tarazo na masallatai da manyan gidaje, domin asalinsu dutsen farar ƙasa ne, duk abu mai tsami yana cin su, tun daga ruwan lemun tsami har ruwan wanke bayan gida. (Wasu na fassara mabul da marmara, alhali marmara a bakin manomi jan dutsen nan ne mai ƙuraje da ake tonowa a fako.)

Akwai abin da ya shafi masu nazarin harshe a nan. Bahaushiya ta san kula da dutse tun da daɗewa, domin idan dutsen niƙa ya yi santsi ana koɗa shi da makoɗi ya sake kama hatsi. Injin niƙa ya kori wannan kalma daga bakin yara, kamar yadda siminti ke korar laso da makuba da madaɓi, birkila kuma ya zauna a mazaunin magini. Ba dole ba ne abin ya tafi haka. A Yama, cikin jihar Tawa ta Nijar, Falke Barmu ya fara ginin masallaci da ƙasa a 1962, ya ci gaba da ƙara masa siffofin da ba a saba gani ba, har ginin ya sami kyautar Aga Khan a 1986. Sabon abu ya yi, amma da ƙasar garinsu. Ɗaliban sashen Hausa da ke neman batun kundi suna da aiki a Roni da Gwiwa: su zauna da tsofaffin magina da masu fasa dutse, su rubuta sunan da suke kiran kowane irin dutse da shi, da wanda suke zaɓa don harsashi, da wanda suke zaɓa don niƙa.